Kwaikwayon Ambaliya da Na'ura: Ƙarfin Ruwa a kan Gini Bayan Ɓallewar Madatsa, da Misalin Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana, cikin Hausa, yadda masana ke amfani da na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda ake kira kwamfuta, don su gano irin ƙarfin da ruwa zai sauke a kan gini idan madatsar ruwa ta ɓalle. Za mu ɗauko misalanmu daga gundumomi uku na jihar Maraɗi, wato Agye da Gazawa da Gidan Rumji. Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne, an gina wannan lissafi ne bisa gidajen jan bulo da na siminti, alhali galibin gidajen karkararmu na ƙasa ne, kuma gidan ƙasa yana da wata hanya tasa ta faɗuwa wadda lissafin bai cika kula da ita ba.

Kafin mu shiga, ya kamata mu daidaita kalmomi biyu. Abin da a Nijar ake ce wa baraji, a Nijeriya kuma dam, shi muka kira madatsa, daga aikatau datse. Aikin da na'ura ke yi kuwa mun kira shi kwaikwayo, domin ba ruwan gaske take zubarwa ba, tana bin halin ruwa ne da alƙaluma, kamar yadda ɗan kama ke bin tafiyar mutum da muryarsa har a gane wanda yake nufi.

2.0 Yanayin ƙasa

Gulabe biyu ne ke ratsa wannan yanki, dukansu kuma daga ƙasar Katsina suke shigowa. Na farko shi ne Gulbin Maraɗi. A Nijeriya sunansa Gada. Yana ƙetaro iyaka a gundumar Madarunfa, ya bi ta gefen Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sa'an nan ya karkata yamma ya koma Nijeriya ya haɗu da Rima. Na biyu shi ne Gulbin Kaba, wanda ya samo sunansa daga kabar goribar da ta cika kwarinsa. Shi ne ke bi ta ƙasar Gazawa da Agye kafin ya nausa Mayahi.

A kan Gada, daf da iyaka, aka gina madatsar Jibiya a ƙarshen shekarun 1980. Madatsar ƙasa ce, tsayinta metir 23 da rabi, tsawonta metir 3,660, kuma an ƙiyasta mata ruwa metir-kub miliyan 142. Metir-kub shi ne ruwan da zai cika akwati mai metir ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi, nauyinsa kilo 1,000. Don a fahimci yawan nan, a ɗauka an shimfiɗa ruwan da zurfin metir ɗaya a cikin kwari mai faɗin kilometir 2: zai rufe tsawon kilometir 71.

Madatsar Jibiya ba ta ɓalle ba, ba kuma muna cewa tana gab da ɓallewa ba ne. Amma tarihin kusa ya isa ya sa a yi tambaya. Madatsar Bagauda ta ƙasar Kano ta ɓalle cikin watan Agusta na 1988. Ta Alau ta ɓalle cikin watan Satumba na 2024, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri. A Darna ta Libiya madatsu biyu suka ɓalle dare ɗaya cikin Satumba na 2023, dubban mutane suka rasu. Kwarin Gulbin Maraɗi kansa ya san ruwa tun ba a yi madatsa ba: ambaliyar 1945 ce ta rushe tsohon garin Maraɗi, aka tashe shi daga kwari aka mai da shi bisa tudu. A watan Yuli na 2018 ruwan sama kaɗai ya kashe fiye da mutum 40 a Jibiya, aka tsinci gawarwakin wasunsu a cikin ƙasar Nijar. Wannan ya nuna duk abin da ya taso daga Jibiya ba ya tsayawa a bakin iyaka.

Halin Agye da Gazawa dabam yake. Gulbin Kaba yakan daɗe bai yi gudu sosai ba, saboda haka noma da zama sun sauka cikin kwarinsa. A irin wannan wuri, tarin ƙasar da aka ɗora hanyar mota a kansa ma yakan zama madatsa ba da niyya ba, idan yashi da kara suka toshe ƙananan gadojinsa. Ruwa ya taru a bayansa, ranar da ya fi ƙarfinsa ya yanke shi. Lissafin da za mu bayyana ya shafi babbar madatsa da ƙarama duka.

3.0 Yadda na'ura ke kwaikwayon ruwa

3.1 Ɓaraka

Matakin farko shi ne a ƙaddara yadda madatsar za ta buɗe. Madatsar ƙasa ba ta ɓacewa lokaci guda. Hanyoyi biyu aka fi sani. Ko dai ruwa ya tumbatsa ya bi ta kanta yana zaizayarta, ko kuwa ya sami wata ƴar kafa a cikin jikinta yana tsiyaya yana jan ƙasa, har kafar ta zama rami, ramin ya rufta. Hanya ta biyu ce ta rusa madatsar Teton ta Amurka ranar 5 ga Yuni, 1976. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai lissafi zai ba na'ura faɗin ɓarakar da tsawon lokacin da za ta ɗauka tana faɗaɗa, daga mintoci zuwa sa'o'i. Da yake ba mai iya sanin wannan tun kafin ya auku, akan gwada hali iri-iri, daga mafi sauƙi zuwa mafi muni.

3.2 Raga

Mataki na biyu, sai a shimfiɗa wa taswirar kwarin raga, wato a yanyanka ta zuwa dubban ƙananan idanu. Kowane idon raga za a ba shi abu biyu: tsayin ƙasa a wurin, da kaushinta. Kaushi shi ne yadda ƙasa ke riƙe ƙafar ruwa. Ruwa ya fi sauri a kan faƙo da kwalta, yana rage gudu a gonar dawa da cikin kurmin goriba. Ma'aunin kaushin da ake aiki da shi ya samo asali daga aikin Manning na wajen 1890 da na Strickler na 1923.

3.3 Ƙa'idoji biyu

A kan wannan raga na'ura ke bin ƙa'idojin da Bafaranshe Barré de Saint-Venant ya tsara a 1871. Ko da yake ana rubuta su da alamomi masu wuyar karatu, ma'anarsu a fili take. Ta farko: ruwa ba ya ɓacewa, abin da ya shiga idon raga, ko ya fita ko ya ƙara zurfi. Ta biyu: gudun ruwa yana ƙaruwa da gangara da nauyin ruwan da ke bayansa, yana raguwa da kaushin ƙasa. Na'ura takan lissafa wannan ga kowane ido, ta matsa gaba da ɗan guntun daƙiƙa, ta sake lissafawa, haka har sau miliyoyi. Aikin da hannu ba zai iya ba ke nan. Daga cikin tsare-tsaren da aka fi amfani da su akwai TELEMAC na kamfanin lantarkin Faransa, da HEC-RAS na injiniyoyin sojan Amurka.

Tun a 1892 wani Bajamushe mai suna Ritter ya warware hali mafi sauƙi: madatsa ta ɓace farat ɗaya, ƙasa kuma sumul ba kaushi. Bisa lissafinsa, ruwa mai zurfin metir 20 zai fito da gudun kimanin metir 28 a daƙiƙa, wato kilometir 100 a sa'a. Wannan iyakar sama ce kurum. A kwari mai shimfiɗa irin na Gulbin Maraɗi, mai fadama da itatuwa da tafkin Madarunfa a gefe, ruwa zai bazu ya rage gudu ƙwarai. Sakamakon da na'ura ke bayarwa ga kowane wuri huɗu ne: lokacin isowar ruwa, zurfinsa, gudunsa, da tsawon zamansa. A lura da na huɗun, domin za mu komo kansa.

3.4 Kusa da gini

Ƙa'idojin Saint-Venant suna ɗaukar ruwa a matsayin shimfiɗa. Amma a daidai inda ruwa ya daki bango ya yi tsalle ya fantsama, wannan bai isa ba. Nan akan koma ga wata dabara, inda ake ɗaukar ruwa tamkar tarin ƙwayoyi, kamar tsabar gero miliyoyi, kowace na ture maƙwabciyarta. Masu nazarin taurari ne suka ƙago dabarar a 1977, Monaghan kuma ya kawo ta ga ruwa mai gudu a 1994. Tana nuna yadda ƙarfi ke hawa da sauka a kan kowane sashe na bango, sai dai tana cin lokacin na'ura, don haka gida ɗaya ko ƴan gidaje ake yi wa ita, ba gunduma ba.

4.0 Hanyoyin da ruwa ke kayar da gini

Hausa ta riga ta rarrabe ayyukan ruwa. Mukan ce ruwa ya ture katanga, ya ci gindinta, ya kwashi rumbu, ya jiƙa ɗaki. Waɗannan aikatau ba ma'anarsu ɗaya ba, kuma kowanne yana da takwaransa a lissafi. Mun ware guda shida.

4.1 Matsi. Ko ruwa na tsaye cik, yana matsa bango. Idan zurfinsa metir ɗaya ne, kowane metir na tsawon bango yana ɗauke da kimanin kilo 500, wato buhu 5 na gero masu kilo 100. Idan zurfin ya ninka ya zama metir 2, matsin ba ninkawa yake yi sau biyu ba, sau huɗu yake yi: kilo 2,000, buhu 20. Bangon shigifa mai tsawon metir 4 a cikin ruwan metir ɗaya yana jure tan 2 ke nan. Idan ruwa ya shiga ɗakin ya kai tsayin na waje, matsin ciki da na waje sai su kashe juna.

4.2 Tunkuɗa. Wannan na ruwa mai gudu ne. Ruwa mai zurfin metir ɗaya da gudun metir 2 a daƙiƙa zai iya ƙara wa kowane metir na bangon da ya tare shi kimanin kilo 400. In gudun ya zama metir 4, ƙarin ya kai kilo 1,600. A nan ma ninki huɗu ne. A cikin gari, lungu yakan matse ruwa ya ƙara masa gudu, shi ya sa gidaje biyu maƙwabta ɗaya kan faɗi ɗaya ya tsira.

4.3 Karo. Goshin ambaliya yakan daki bango da ƙarfi mai yawa na ɗan ƙanƙanen lokaci. Haka kuma abin da ruwa ya ɗauko. Gungume mai kilo 500 da ke tafe da gudun metir 2 a daƙiƙa, in bango ya tsai da shi cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, ya sauke masa kimanin tan ɗaya a wuri guda.

4.4 Ɗauki. Ruwa yana ɗaga duk abin da ya fi shi sauƙi. Rumbun kara da jinka da amalanke ta wannan hanya suke tafiya, daga nan kuma su zama abin karo ga gidan gaba.

4.5 Cin gindi. Ruwa mai gudu yana rarake ƙasar da ke ƙarƙashin gini, musamman a kusurwa. A kan jigawa abin ya fi sauri, gini mai ƙwari ma sai ya karkata don an janye masa wurin tsayawa.

4.6 Jiƙewa. Tubali da bulon laka ba gasassu ba ne. Bushewa ce ƙarfinsu. Da sun zauna cikin ruwa, damshi yakan hau cikinsu sama da inda ruwan ya tsaya, laka ta koma halinta na farko. Gindin bango ya yi laushi, nauyin azara da ƙasar rufi na bisa kansa, sai ɗaki ya zauna.

Lissafin na'ura ya ƙware a kan huɗun farko, yana kuma iya kimanta na biyar. Na shida ne rauninsa.

5.0 Yadda ake gwada gaskiyar kwaikwayo

Ba a yarda da kwaikwayo sai an gwada shi da abin da ya auku. Babban zakaran gwajin wannan fanni shi ne madatsar Malpasset ta kudancin Faransa, wadda ta fashe daren 2 ga Disamba, 1959, ta saki kimanin metir-kub miliyan 50, ta kashe mutum 423 a Fréjus da kewaye. Shaidu iri biyu suka rage. Ƴan sanda sun bi kwarin sun auna alamun da ruwa ya bari. An kuma san daidai lokacin da wasu tashoshin lantarki uku suka mutu, wanda ya nuna sa'ad da ruwa ya isa kowacce. Duk sabon tsarin na'ura akan ba shi kwarin Malpasset a ga ko zai fitar da waɗannan alƙaluma. A Jami'ar Louvain ta Beljiyam kuma, an gina ƙaramin kwari a ɗakin gwaji, aka dasa gida ɗaya, daga baya jerin gidaje kamar unguwa, aka sako musu ruwa ana aunawa. An buga sakamakon a 2007 da 2008.

Game da faɗuwar gini, ma'aunin da aka fi ambata shi ne na Clausen da Clark na 1990. Sun gina shi bisa bayanan ɓallewar madatsar Dale Dyke kusa da Sheffield ta Ingila a 1864. Suka ce, idan gudun ruwa ya wuce metir 2 a daƙiƙa, a ninka zurfi da gudu: in sakamakon ya wuce 3, gini zai fara lalacewa; in ya wuce 7, zai rushe ɗungum. In bai kai haka ba, ɓarnar ta shigar ruwa ce kawai.

To, a nan matsalarmu take. Gidajen Sheffield na gasasshen bulo da dutse ne. A ɗauki ruwa mai zurfin rabin metir da ke tafiya a hankali cikin wani ƙauye na ƙasar Gidan Rumji, ya kwana biyu bai janye ba. Bisa ma'aunin Clausen da Clark, ba gidan da zai faɗi. Duk magini a ƙauyen ya san ba haka ba ne. Taswirar da aka zana da wannan ma'auni za ta nuna lafiya a inda ɗakuna za su rufta kan masu barci.

Damanar 2024 ta ba da shaida. A shekarar ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a Nijar, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Hukumomi sukan raba waɗanda suka rasu gida biyu, waɗanda ruwa ya ci da waɗanda gini ya faɗa wa, kuma wannan rabo kansa darasi ne. A farkon Satumba na shekarar, tsohon masallacin Damagaram, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwan sama mai yawa, ba tare da wata igiyar madatsa ta taɓa shi ba.

6.0 Abin da kwaikwayo ke bukata a nan

Na farko, tsayin ƙasa. Taswirar da kowa ke samu kyauta, wadda kumbon Amurka ya auno a watan Fabrairu na 2000, idon ragarta kimanin metir 30 ne, kuskurenta a tsayi kuma yana iya kai ƴan metoci. A ƙasa mai duwatsu wannan ba kome ba ne. A kwarin gulbi, inda metir ɗaya ke raba gidan da ya tsira da wanda ya nutse, dole a ƙara da awo na ƙasa.

Na biyu, irin ƙasa. Manoman Agye da Gazawa sun raba ƙasarsu zuwa jigawa da geza da fadama. Jigawa na shanye ruwa amma tana saurin rarakewa. Geza ba ta sha da sauri, ruwa gudu yake yi a kanta. Fadama riƙe shi take yi ya daɗe. Wannan rabo ya yi daidai da abin da na'ura ke tambaya, kuma manomi zai iya nuna iyakokinsa gona gona.

Na uku, irin gini. Kalmar gida ba ta isa ba. A rarrabe shigifa da kago da ɗakin kara, tubali da bulon laka da bulon siminti, mai yaɓen siminti da maras shi, mai tushen dutse da wanda aka ɗora bisa ƙasa, rufin azara da rufin kwano. Ga kowane iri, a auna sa'o'in da bangonsa ke jurewa cikin ruwa, a ɗakin gwaji kamar na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi. Da an sami wannan, tsawon zaman ruwa, wanda na'ura ta riga tana lissafawa, zai shiga hukunci tare da zurfi da gudu.

Na huɗu, shaida. Ba mu da tashoshin lantarkin Malpasset, amma muna da bakin mutane. Waɗanda suka ga ruwan 1945 sun kusa ƙarewa. Waɗanda suka ga na 2018 da na 2024 suna nan. Sun san sa'ar da ruwa ya shigo, tsakanin isha'i da asuba, sun san reshen da ya taɓa, sun san ɗakin da ya fara faɗuwa. Tattara irin wannan magana da tace ta aiki ne da masu nazarin harshe da tarihin baka suka saba da shi.

Na biyar, bayanan madatsar kanta, waɗanda ke wancan gefen iyaka. Hanyar neman su a buɗe take: Nijar da Nijeriya sun kafa hukumar haɗin gwiwa a 1971, sun kuma sa hannu a yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan ruwayen da suka yi tarayya a kansu, Gada da Gulbin Maraɗi na cikinsu.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa na'ura na iya faɗin lokacin da ruwa zai iso, da zurfinsa, da gudunsa, da nauyin da zai ɗora wa bango. Mun kuma ga cewa ma'aunin faɗuwar gini da aka gada daga Turai bai san gidan ƙasa ba, kuma gyaransa yana hannun magina da manoma da shaidun wannan kwari.

Saura isar da sakamako ga masu shi. Mutumin ƙauye ba ya auna ruwa da metir. Da jikinsa yake aunawa: idon sawu, gwiwa, ƙugu, ƙirji. Gwiwar babban mutum kimanin rabin metir ce, ƙugunsa kimanin metir ɗaya. Gargaɗin da za a yi ta rediyo ko ta bakin sanƙira ya kamata ya faɗi abu uku da wannan harshe: ruwa zai iso kafin wace salla, zai kai ina a jikin mutum, kuma wane tudu za a nufa. Ya kuma ƙara na huɗu, wanda ya fito daga sashe na 4.6: ɗakin ƙasar da ruwa ya kwana a gindinsa, kada a koma kwana cikinsa don an ga ruwa ya janye, sai magini ya duba shi.